Baƙo a Hanyar Kangas

Malamin daji ya riga ya ɗora hannu a kan igiyar da aka rataye barewar lokacin da Marlys Odegaard ta tsallako titi da sauri, ko rigar sanyi ba ta tsaya ɗauka ba.

"Curtis Wojcik! Cire hannunka daga naman nan."

"Ina kwana, Misis Odegaard."

"Riƙe gaisuwarka. Me kake yi a gidan mutane da sassafe?"

Curtis ya saki igiyar, ya dubi ƙasa. Ƙato ne mai shekara arba'in, amma Marlys ta shekara goma tana kai shi makaranta a motar ɗalibai, kuma har yau in ta ɗaga murya sai ya ji kamar an kama shi yana tsaye a kan kujera.

Mai gidan, Arvo Kangas, yana zaune a bakin baranda da bargo a gwiwa, siririn bututun iska a hancinsa, tukunyar iskar a gefen ƙafarsa. Shekararsa tamanin da ɗaya. Barewar yake kallo, ƙaton namiji mai ƙaho mai reshe goma sha biyu, raɓa ta daskare a gashin wuyansa tana ƙyalli.

"An kira ofishinmu," in ji Curtis. "An ce ya yanki lasisin farauta na ɗan jiha alhali shi ba ɗan jiha ba ne. Na duba. Katin tuƙinsa na jihar Minnesota ne tun watan Afrilu. Doka ta ce sai mutum ya yi kwana talatin a zaune kafin ya yanka. Kwanansa goma sha biyu da dawowa."

"Wa ya kira?"

"Ba zan iya faɗa ba."

"Ba sai ka faɗa ba. Mutumin birnin nan ne da ya yi hayar dajin baya, ya cika itatuwa da na'urorin ɗaukar hoto. Wata uku yana kallon dabbar nan a wayarsa kamar budurwa." Ta nuna allon da ke bakin titi. "Karanta min wancan."

"Misis Odegaard..."

"Karanta!"

"Hanyar Kangas."

"To baƙon wa?"

Sai a nan tsohon ya yi magana, a hankali, yana hutawa tsakanin kalmomi. "Ƙyale shi, Marlys. Aikinsa yake yi. Ɗan Stanley, bindigar tana bayan ƙofa. Babu harsashi a ciki. Ka riƙe ta da kyau, ta girmi ubanka."

Abin da ya faru ba ɓoyayye ba ne ga kowa a ƙauyen. A ƙarshen hunturun da ya wuce likitoci suka gano sankara a huhun Arvo. 'Yarsa Aili ta zo ta tafi da shi gidanta a Minnesota don ya kasance kusa da asibiti, kuma don takardun magani su tafi daidai ta sauya masa adireshi da kati. Ya sa hannu a duk inda ta nuna masa. Wata bakwai ya yi a wani ɗaki da tagarsa ke kallon wurin ajiye motoci. Ranar da likita ya ce magani ya ƙi, Arvo ya yi masa godiya, ya ce wa 'yarsa ta mayar da shi gida kafin a buɗe farauta.

Marlys ba ta zaci zai iya fita ba. Mutumin da sai ya huta sau biyu kafin ya kai akwatin wasiƙa. Amma ranar Asabar ta buɗe farauta, gari na wayewa, ta hango jar rigarsa tana ratsa gona, yana jan tukunyar iskarsa a kan ɗan katakon da yara ke sulu da shi a ƙanƙara. Taku goma, ya tsaya. Taku goma, ya tsaya. Ta tsaya a taga da kofin gahawa har ya huce a hannunta. Ya ɗauki kusan awa guda kafin kurmi ya haɗiye shi. Wajen ƙarfe tara ta ji harbi guda ɗaya tak, daga nan shiru.

Da ta bi sawunsa da tarakta ta same shi zaune a kan kututture, hularsa a hannu, dabbar kwance can ƙetaren fadama, nisan da ita ko da tabarau da ƙyar take gani.

"Arvo, yaya aka yi ka san zai biyo nan?"

"Uwarsa ta nan take bi. Kakarsa ma haka."

Yanzu ga shi Curtis ya loda naman a bayan a-kori-kurarsa, ya naɗe bindigar a cikin rigarsa ta kansa, ya miƙa takardar sammaci da hannu biyu.

Aili ta kira Marlys da rana tana kuka. "Laifina ne. Ni na sauya katin. Ki ce masa ya amsa kawai, ni zan biya tarar, a mayar masa da bindigarsa, ya huta."

Marlys ta kai saƙon tare da tukunyar miyar kifi da dankali. Arvo ya sha cokali uku ya ajiye.

"In na amsa, me na amsa?"

"Cewa ka yi kuskure. Shi ke nan."

"A'a. Na karanta takardar. Cewa zan yi ni baƙo ne." Ya nuna ƙofar ɗakin da ke bayan murhu. "A can aka haife ni. Ki gaya wa Aili ba ta yi laifi ba. Ki kuma nemo min ranar zaman kotu, in da hali a matso da ita. Ba ni da lokacin jira."

An sa ranar a mako na biyu na Disamba. Marlys ce ta kai shi. Ya sa kwat ɗin da ya sa ranar jana'izar matarsa Helmi, wadda yanzu ta yi masa yawa har kafaɗunta suna zubowa. A cinyarsa ya rungume wani tsohon gwangwanin gahawa, ya ƙi bari kowa ya riƙe masa.

Ɗakin shari'ar ƙarami ne, amma ya cika. Lokacin farauta ya wuce, mutane ba su da abin yi, kuma labarin ya zaga. Kafin a kira shi an yi shari'ar wani da ya harbi barewa daga cikin mota, da wasu 'yan'uwa biyu da suka yi ta musu a kan wanda ya zuba masarar jan barewa fiye da ƙa'ida. Alƙaliyar, wata mace mai furfura da ba ta daɗe da zuwa yankin ba, ta sallame su ɗaya bayan ɗaya ba tare da ta ɗaga kai sosai ba.

Lauyan gwamnati ya karanta nasa: katin tuƙi, adireshi, kwana goma sha biyu. Ya ce mallakar gida ko gona kaɗai ba ta mai da mutum ɗan jiha. Babu ƙarya a cikin abin da ya faɗa.

"Mista Kangas, kana da abin cewa?"

Arvo ya buɗe gwangwanin ya juye shi a kan tebur. Takardun lasisi ne, irin waɗanda mafarauta ke maƙalawa a bayan riga, wasu sun yi ruwan ƙasa, wasu da tabon jini, wasu ɓera ya ɗan taɓa. Ya shiga jera su ɗaya bayan ɗaya. Marlys tana ganin shekarun suna miƙewa a kan teburin kamar shingen gona.

"Wannan ta farko, ina ɗan shekara goma sha biyu. Nan akwai giɓin shekara biyu, ina soja. Wannan shekarar aka haifi Aili, ban harbi komai ba, hankalina yana gida. Wannan ta shekarar da Helmi ta rasu. Na yanka, amma ban fita ba."

"Na gani," in ji alƙaliyar, muryarta ta sauka. "Amma doka tana tambayar niyya ne, Mista Kangas. Da ka dawo, ka dawo ne da niyyar zama?"

"A'a, ranki ya daɗe."

Marlys ta runtse ido. Lauyan ya ɗaga kai.

"Ban dawo zama ba. Mutuwa na dawo yi. Ki je maƙabartar cocinmu, akwai dutse da sunana a kai, shekara tara ke nan, kwanan wata kawai ya rage a sassaƙa. Ban taɓa jin wanda ya bar gida ya tafi baƙunta don ya mutu ba."

Ya ɗauki lokaci yana neman numfashi. Alƙaliyar ta jira shi. Sannan ta juya ga malamin daji.

"Jami'i Wojcik, a ina wannan mutumin yake zaune?"

"A takarda, Minnesota."

"A saninka fa?"

Curtis ya murza hularsa. "Ranki ya daɗe, taswirar da muke aiki da ita a ofis, akwai rafi biyu da ba su cikinta. Shi ya nuna min su. Shekarar da yaran nan biyu suka ɓata a fadama, mun kwana biyu muna nema da jirgin sama. Shi ya shiga da ƙafa ya fito da su kafin azahar." Ya dubi tsohon. "Ni na rubuta sammacin. In aka sake, zan sake rubutawa, domin abin da doka ta ce ke nan. Amma kin tambaye ni sanina."

Ta ce za ta yi nazari, za ta aiko da hukunci a rubuce.

Daga ranar Arvo bai sake fita ba. Aili ta ɗauki hutu ta zo, aka jawo gadonsa falo kusa da murhun itace, inda zai riƙa ganin gona. Ma'aikaciyar jinya tana zuwa duk bayan kwana biyu. Marlys tana shigowa da safe ta hura wuta, ta zauna. Ba ya yawan magana. Wani lokaci yakan ce, ido a rufe, "Iska ta juya arewa," sai ta leƙa ta ga hayaƙin gidanta ya karkata. Fasto ya zo ya karanta masa zabura, Arvo ya gyara masa kalma ɗaya. Ko sau ɗaya bai tambayi hukuncin ba, Marlys ce ke zuwa akwatin wasiƙa sau biyu a rana.

Kwana uku kafin Kirsimeti, da hantsi, motar Curtis ta tsaya a ƙofar gida. Ya karkaɗe ƙanƙarar takalmansa ya daɗe yana karkaɗewa. Ya shigo da ambulan a hannu ɗaya, bindigar a ɗaya.

Tun jiya Arvo bai ci komai ba. Numfashinsa ya koma kamar ana jan zare ta cikin ƙyalle. Aili ta sunkuya a kunnensa. "Baba, ga ɗan Stanley."

Idanun suka buɗe.

"Mista Kangas, ban bari a sa a gidan waya ba. Na karɓo da kaina." Ya warware takardar, ya tsallake shafin farko. "Kotu ta gamsu cewa wanda ake ƙara bai taɓa barin mazauninsa na dindindin ba, jinya ce ta fitar da shi. Mazaunin wannan jiha ne. An kori ƙara."

Leɓɓan tsohon suka motsa. Marlys ta matso.

"Sai yau suka sani?"

Aili ta yi dariya da hawaye a fuska. Curtis ya jingina bindigar a bayan ƙofa.

"Naman fa?" in ji Arvo.

"An kai wa masu rabon abinci a coci, tun makon farko. Ba yadda zan yi in ajiye shi."

"An ci?"

"An ci. Gida tara."

"To, madalla."

Bai ƙara cewa komai ba. Curtis ya so ya tafi, Aili ta ce ya zauna. Su uku suka zauna, itace yana ƙara a murhu, hasken rana yana tafiya a kan bargon daga gwiwa zuwa ƙirji. Marlys tana riƙe da hannunsa na hagu. Ta taɓa ganin mutuwa, ta mijinta da ta mahaifiyarta, duk da kokawa suka tafi. Wannan kuwa numfashin ne ya riƙa nisa da juna, kamar takun mutumin da ya san inda za shi kuma ba ya sauri. Gab da sha biyu ya ja ɗaya, suka jira na gaba, bai zo ba.

Aili ta zare bututun daga hancinsa, ta kashe tukunyar. Sai a lokacin Marlys ta gane cewa wata guda ke nan tana jin wannan shuuu ɗin a ɗakin.

Ta fita baranda don ta ba 'yar wuri. Sanyi ya kama mata haƙora. Can ƙasan hanya motar share ƙanƙara tana tahowa da fitilarta mai juyawa, sai ta ga ta rage gudu ta tsaya cak. Barewa ce ta fito daga kurmi ta hau titi. Wata ta biyo ta, wata ta biyo wannan, a layi ɗaya, kowace tana sa ƙafa a sawun ta gabanta, tururi yana fita daga hancinsu. Marlys ta ƙirga har goma sha huɗu ta daina. Direban ya kashe injinsa, ya ɗora haɓa a kan sitiyari, yana jira su gama wucewa.