Tarbar Kawu Isaka

A garinmu Tama, in ana noman gayya, wanda ya riga kai ƙarshen kunyarsa ba ya neman inuwa. Juyowa yake ya kamo kunyar dattijon da ke baya, su haɗu a tsakiya. Tarba muke ce mata. Ba a roƙonta, ba a yi mata godiya.

Da na bar lekol, makarantar boko, Kawu Isaka, wan mahaifiyata, ya samo mini aiki inda yake, kamfanin busar da albasa a bakin garin Madawa. Aikinmu ɓare ɓawo da yanke saiwa kafin inji ya yayyanka. Dogon tebur, kowa da kwandonsa. Hannun Kawu ya fara rawa. In na gama nawa, sai in zagaya in tarbe shi.

Bana anka liƙa kamera bisa teburin. Sun ce tana da ƙwaƙwalwa, tana koyon aiki da kanta, ta san saurin hannun kowa. Mai-ido muka sa mata. Duk wanda ya bar wurinsa, fitilar gabansa sai ta yi ja.

Ranar Laraba Shef Abdoulkadir, shugaban aikinmu, ya kira ni biro, ofishinsa.

"Hafizu, mi ke kai ka wurin tsohon nan?"

"Tarba."

"Nan gonar ubanka ce? Na'ura ta ce kai ka fi kowa gudun aiki. Ta ce kuma Isaka ya fi samari sauri. Ka rikita ta."

Ya ci gaba:

"Masu kamfani suna Yamai, a waya suke kallo. Injin ɓare na nan tahe, so suke su san wa za a bari. Kowa ya tsaya kan kwandonsa. In fitilarka ta sake yin ja, ka ajiye wuƙa."

Na gane. In na tsaya, Mai-ido ta ga hannun Kawu yadda yake, a sallame shi da iyali cike da gida. In na matsa, ni ne a waje.

Da na fito, Mutari, ɗan garin Buza da ke kusa da ni a tebur, ya washe baki. "Mai boko, Mai-ido 'yar ajinku ta kai ƙararka?"

Kawu bai yi dariya ba. "Ɗan nan, zamna wurinka. Ni da albasa tun uwarka tana goye. Ba ƙarfe zai koya mini ba."

Yana faɗi, wuƙar na karkarwa a hannunsa.

Washegari na gama kwandona, nasa ko rabi bai kai ba. Gumi na ɗiga daga gemunsa. Ya ƙi duban inda nake.

Na tashi. Fitila ta yi ja. Ban yi sauri ba. Na ɗaga kai na ba Mai-ido fuskata ta gani da kyau, sannan na sa hannu a kwandon Kawu.

"Koma, ɗan banza," ya ce ƙasa-ƙasa.

"Matsa, Kawu, ka tare mini wuri."

Shef ya fito da waya a hannu. "Hafizu! Ajiye wuƙar nan."

"In mun haɗu."

Na ci gaba da ɓara. Ni daga nan, Kawu daga can, har albasa ɗaya ta rage a gindin kwandon. Na bar masa ita. Na goge wuƙar a wandona, na miƙa wa Shef ta ƙota.

Ina bakin ƙofa anka juye wa Kawu sabon kwando. Na ji Shef na ihu, ba da ni ba.

"Mutari, ina za ka?"

"Ƙafata ce ta yi sanyi, Shef. Miƙe ta nake."

Ban waiwaya ba. Na bi titi neman motar Tama, idona na yaji. Albasa ce.