Sabon Haƙorin Jiniya

"Cije," in ji likitar haƙori. "A hankali, ba ƙashi na ba ka ba."

Jiniya ya cije. Haƙorin robar ya zauna daram a giɓin da ya daɗe yana ɓoyewa da leɓensa na sama. Likita ta miƙa masa madubi, amma shi ƙasan kujera ya kai hannu, ya jawo baƙar jakar da ya shigo da ita.

"Likita, ki yi haƙuri, ni ba don murmushi na zo ba."

Ya fito da ƙahonsa na tagulla, ya ɗora a leɓe, ya cika ƙirji ya busa. Farantin almakasai ya kuɓuce wa nas, wani mai kumburarren kunci ya leƙo daga ɗakin jira yana harara. Likitar ta cire yatsu daga kunnuwanta ta tambaye shi ko lafiya.

"Lafiya ƙalau," ya ce, bakinsa har kunne. "Na dawo."

Ba a banza ake kiransa Jiniya ba. Tun da suka kafa ƙungiyarsu ta kiɗan jaz mai haɗe da fonk da sol, shi ne a gaba. In ya hau sautin sama, mai gadin da ke bakin ƙofa ma sai ya san an fara. Sai ga shi bara, suna sauke kaya, ƙofar mota ta doke shi a baki, haƙorin gaba ya yi nasa wuri. Daga ranar iska ta fara zurarewa ta giɓin, busarsa ta koma wata dusasshiyar aba mai huci, kamar tayar keke na sacewa.

Abin da ya ɗaure masa kai shi ne abin da ya biyo baya. Ba wanda ya ce masa uffan. Sai dai Kawu mai ganga ya ajiye sandunansa ya koma shafa gangar da buroshi. Dogo mai jitar bas, wato mai kaurin sauti, ya rage gudu. Mai fiyano, wanda da ba ya barin ko ƙofar allura, ya fara barin fili tsakanin sauti da sauti. Ƙanwarsa Auta, mawaƙiyarsu, ta sauke murya ƙasa. Kiɗan ya yi taushi, ya yi zurfi, mutane kuma suka fara zama suna saurare maimakon su tashi rawa. Har gidan rediyo ya gayyace su yana cewa sun zo da sabon salo.

Sabon salo ko tausayi? Wannan tambayar ce ta hana Jiniya sakat. A ganinsa jinyarsa suke yi, sun taru suna tafiya a hankali don kada gurgu ya gane an fi shi sauri. Shi kuwa mutum ne da ya fi son a zage shi da a tausaya masa. Shi ya sa bai gaya wa kowa zancen asibiti ba, sai matarsa, wadda ita damuwarta hoto ce kawai, ta gaji da ganinsa yana tsuke baki kamar mai fushi da mai kyamara.

A cikin motar bas ya zauna da jakar a cinya, harshensa na ta zagaya baƙon haƙorin. Yana so ya ga fuskokinsu. In tausayi ne, yau za su yi ajiyar zuciya, Kawu ya ɗauko sandunansa, kowa ya koma yadda yake. In kuma ba tausayi ba ne, to bai san mene ne ba, kuma rashin sanin nan ya fi komai yi masa ƙaiƙayi.

Ɗakin atisayensu yana saman wani shagon kayan gini. Sun manna tsofaffin darduma da kwalayen ƙwai a bango, fankar sama kuwa sai an tura ta da sanda take tashi. Ya tarar sun riga shi. Ya gaishe su da leɓe a rufe, kamar yadda ya saba.

"Yaya, ka makara," in ji Auta. "Waƙar Mama za mu fara."

Waƙar ta daɗe a hannunsu, Auta ce ta rubuta ta bayan rasuwar mahaifiyarsu. Kawu ya ƙirga da buroshi, Dogo ya shigo da kaurin sautinsa, fiyano ya biyo a hankali. Jiniya ya jira har baiti na biyu, inda ƙaho ke shiga, sannan ya saki abin da ya shekara yana riƙewa.

Gilashin taga ya amsa. Sautin ya fito tas, mai kaifi, ya haye sama ya tsaya can yana sheƙi. Daɗi ya kama shi. Sai da ya buɗe ido ya ga shi kaɗai yake kiɗa.

Ya sauke ƙahon, ya yi musu murmushi da haƙoransa cif.

"Ikon Allah," in ji Kawu, yana sosa kunne da ɗan yatsa. "Har ya tsiro?"

"Na saya. Yanzu sai ku huta da lallaɓa ni. Kawu, ɗauko sandunanka."

Kawu bai motsa ba. Dogo ya sunkuya yana murɗa wata tsirkiyar da ba abin da ya same ta. Mai fiyano ya shiga goge tabarau. Jiniya ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, ya rasa ajiyar zuciyar da ya zo nema, sai ya sha jinin jikinsa.

"Wa ya ce maka lallaɓa ka muke yi?" Auta ta tambaya.

"Ina da ido. Kun rage gudu saboda ni."

"Saboda kai ne, amma ba yadda kake zato ba." Ta cire makirfo daga sandarsa ta riƙe a ƙasa, don kada maganar ta fita ta lasifika. "Yaya, tun da muka fara, ihu nake yi a bayanka. Duk ranar da muka yi wasa, washegari da ruwan ɗumi nake karyawa, ko sallama ba na iya amsawa. Ranar da haƙorin nan ya fita, wallahi na ji tausayinka. Amma a ranar ce na fara jin muryata."

"Ni ma a ranar na san akwai fiyano a ƙungiyar nan," in ji Dogo, bai ɗago ba.

Mai fiyano ya yi dariya, sai ya ga fuskar Jiniya, ya mai da ita tari.

Maganar ta yi masa zafi, zafin da ya fi na ƙofar mota. Ya shirya wa tausayi, har ya tanadi abin da zai ce. Bai taɓa kawowa a ransa cewa hutu suka samu ba.

"Me ya sa ba wanda ya taɓa gaya min?"

"Mun gaya maka," in ji Kawu. "Kana busa a lokacin."

Dogo ya yi gyaran murya ya ce ai irin wannan haƙorin ana cire shi, sai ya riƙa sa shi a aljihu in za a hau dandali. Jiniya ya kai yatsa ya taɓa shi. Gaskiya ne, ja ɗaya zai fita, kowa ya huta. Amma in ya cire, har abada ba zai san ko shi ne ya iya taushin nan ba ko giɓin ne ya iya.

"Yana nan inda yake," ya ce. "A sake daga farko."

Suka sake. Da aka zo baiti na biyu ya ɗaga ƙahon, sai ya rasa ta inda zai shiga ba tare da ya taka kowa ba, don haka ya tsaya yana neman hanya da kunne. A da ƙararsa ce ke rufe wurin nan. A shekarar giɓi kuwa ido yake rufewa don kunya, ba ya jin komai sai hucin iskarsa. Yau ne karo na farko da ya bar wurin fili, muryar Auta ta ratso ta ciki, ƙasa-ƙasa:

"Yayana na busa a bayan gida,
maƙwabta na ta ƙorafi,
Mama ta ce ku ƙyale shi,
shi haka yake kukansa."

Hannunsa ya sauka da kansa. Ya tuna bayan gidan, da shekarar da mahaifinsu ya rasu, da aron ƙahon da ya fara koyo da shi. Bai taɓa sanin mahaifiyarsu ta faɗi haka ba. Kiɗan ya tsaya a hankali, kowa na kallonsa.

"Auta, yaushe kika ƙara wannan?"

"Ban ƙara komai ba, Yaya. Tun ranar da na rubuta ta yana ciki."

Ya juya ƙahon. Ya buɗe ɗan marfin ƙasa ya zubar da ruwan da ya taru, ya goge bakinsa da bayan hannu.

"Ku koma baiti na biyu," ya ce. "Ki nuna min inda kike numfashi, a nan zan shiga."