Lamba Uku

...kuma abin haushin, nesa yana gani tas. Daga kan tudun nan na bayan Alela, Maikano yana ganin ɓarawon shanun har da facin rigarsa. Yana ganin Sajo makiyayi durƙushe gabansa, hannuwa ɗaure ta baya. Mita ɗari uku. Babu iska. Lokacin da yake soja, wannan harbin kafin shayi ya huce ne.

Abin da ke ƙarƙashin hancinsa ne ya gagara. Maɓallin awon nisa, a bisa madubin bindiga. Lambobin sun narke, sun zama kashin ƙuda. Uku ce? Takwas?

Shekara huɗu ke nan bai karanta su ba. Da kunne yake aiki: ya bar maɓallin kan sifiri, ya murɗa, ƙas, ƙas, yana ƙirgawa. Ba wanda ya sani. Sai jiya Zaidu, ƙanen Sajo, ya roƙi a bar shi ya goge bindigar, wai don girmamawa. Ya goge ta kuwa. Ya murɗa duk abin da ke murɗuwa. Ladabi ke nan.

Ga Zaidun kwance gefensa.

"Baba Maikano, mi kaka jira?"

Me yake jira... Likita a Konni ta ce ba ciwo ba ne, shekaru ne. Ta faɗa da fara'a, kamar mai albishir. Tabarau na aljihu, cikin tsumma. Garin da ke kwana da sunansa, a gan shi da gilashin karatu kamar mai rubuta wasiƙa a bakin kasuwa?

In takwas ce, harsashi ya wuce sama, ɓarawon ya farga, ya yanka Sajo. In ƙasa da uku ce — Sajo ne a ƙasan.

Ya zaro tabarau. Zaidu na kallo. To, ya kalla.

Shida. Fara sol, kyakkyawa. Ƙas, ƙas... uku. Ya ɗaga kai — duniya ta zama kunu. Babu ɓarawo, babu Sajo. Cire tabarau. Nemo su. Ido na ruwa, yana jan lokaci kamar ma'aikacin gwamnati a buro...

Wurin fayau, an tafi da Sajo. Ƙura kawai, da ƙarar babur tana gangarawa kwazazzabo.

Zaidu ya kau da kai. Gara ya zage shi.

Kuma wannan abin da ya sauka a ƙirjin Maikano, mai sanyi, mai sauƙi — ba baƙin ciki ba ne. Ya san sunansa. Daɗi ya ji da ba sai ya harba ba.