Gudumar Kaka Torger

A dangin Haugland na Wisconsin, kowa ya san Kaka Torger bahago ne. Ya baro Norway tun kafin yaƙin basasar Amurka, ya kafa maƙera a bakin rafi, ya yi wa dawakan sojojin Arewa takalma har yaƙi ya ƙare. Shaidarsu ɗaya ce, wani tsohon hoto da aka buga a kan faifan ƙarfe, inda yake tsaye da guduma a hannun hagu. Saboda haka gudumar ba ta zama sai a gidan bahagon dangi, kuma shekaru masu yawa ke nan tana wurin Ardis.

Ardis ba ta ɗauki abin da wasa ba. Tana yarinya malamai sun sha buge mata hannu da rula don ta koma dama, ta ƙi. Duk ranar da ta dawo gida da kuka, gudumar nan take kallo, ta ce ai gado ta yi.

Bana da taron dangi ya matso, ta ɗinka wa ƙanenta Lyle falmaran irin ta cikin hoton sak, don ya fito a matsayin Kaka. Lyle kuwa ya tsufa bai daina tsokana ba, kuma ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan gudumar. Ya saka rigar a kicin, ana toya gurasar dankali, sai yatsunsa suka yi ta lalube.

"Yaya, rigar mata kika ɗinka min? Maɓallan nan a gefen hagu suke."

"Yadda suke a hoto haka na sa. Ka ci gurasarka ka bar ni."

Lyle ya ɗauko hoton, ya kara shi a madubin zaure, ya fashe da dariya har da tari.

"Zo ki gani. Irin waɗannan hotunan na ƙarfe a juye suke fitowa, kamar madubi. Kakanki da dama yake ƙira, malama. A naɗe min gudumata, motata na waje."

Ardis ta leƙa. Ga maɓallai sun koma inda na maza suke, ga guduma a hannun dama. Ta ji kunya, ta ji haushi, kamar an sake buge mata hannu. Amma ba ta ɗauke ido daga madubin ba.

A gefen Kaka akwai mace zaune a kujera, wadda dangi ba su taɓa damuwa da ita ba. Matarsa ce, Gunhild, da ta haifi tara ta raini bakwai. Tana riƙe da almakashi a kan cinya, kuma a cikin madubin, a hannunta na hagu yake.

"Lyle, sa tabarau ka dubi hannun matar nan."

Ya duba, ya daina dariya. Ashe Gunhild ce bahaguwar.

Ardis ta je ta sauko da gudumar daga bango, ta dangwara masa a ƙirji.

"Riƙe, dama ta ishe ni da nauyi. Almakashin da matarka take yanka kaza da shi, wanda Mama ta bari, na Gunhild ne, ka kawo min shi gobe."