Gorar Ruwan Auta

Wallahi har yanzu in na tuna, zuciyata tafasa take yi. Autana ɗan tsere ne a makarantarsu, ba shi da zance sai gasar ƙarshen zango. Da azumi ya kama, kocinsu, wani mai ƙaton tumbi da usur a wuya, ya tara su ya ce shi ba zai sauya lokacin atisaye ba, duk mai azumi ya ajiye riga ya kama gabansa. Da tsakar rana fa! A mayar da abin da sassafe, mene ne a ciki?

Shi kuwa Auta, ga son gudu ga taurin kai irin na ubansa, sai ya ɓullo da dabara. Ya riƙa zuwa da gorar ruwa, ya kafa baki, ya kurkure, ya juya baya ya tofar. Koci ya ɗauka sha yake yi, ya yi ta ƙara masa zagaye. Ni ina shago ina ɗinkina, ban san wainar da ake toyawa ba.

Ran nan sai ga waya, wai Auta ya yanke jiki ya faɗi a fili. Na tarar da shi a asibiti, leɓe a bushe, ana yi masa ƙarin ruwa. Abokansa sun yi cirko-cirko a bakin ƙofa.

Na ce musu, "Da ya faɗi, kun ba shi ruwa?"

Babbansu ya sunkuyar da kai. "Mama, azumi yake. Mun ji tsoro kar mu karya masa."

"Ku karya masa? Yaro idonsa biyu yana haki a ƙasa, ga gora a hannunku? Wane malami ne ya koya muku haka? Addinin da ya ce mara lafiya ya sha?"

Koci ya matso, wai, "Hajiya, ai ni na ga yana sha." Na wanke shi tas, sai da nas ta zo ta ce in rage murya.

Likita ya ja ni gefe ya ce ƙodarsa ta taɓu. Za ta warke in Allah ya so, amma gudu kam babu shi bana, a manta da gasar.

Da na koma ɗakin, Auta ya buɗe ido. Ya kamo hannuna, murya can ƙasa.

"Mama, don Allah kar ki gaya wa koci ina azumi. Cire ni zai yi."

Na gyara masa filo, na ce to.