Kwalbar da Ta Sha Rana

Ni na bar kwalbar a rana.

Shekara ashirin da shida ina ɗebo ruwan gwaji a tafkin bayan ma'aikata. A cikin ma'aikatar ana niƙa dutse, a zuba masa magani ya yi kumfa, kumfar ta taso da ƙarfen sama a kwashe. Ruwan da ya rage shi ke gangarowa tafki, da warinsa kamar ruɓaɓɓiyar albasa. Sai maganin ya mutu ake sakin ruwan zuwa rafi, inda masu lambu ke ban ruwa. Makullin famfon sakin ruwan yana ɗamarata.

Aikin ba wuya. Baƙar kwalba, a cika ta fal, a toshe, a sa a kula mai ƙanƙara, a kai ɗakin gwaji. Zafin rana yana kashe maganin cikin kwalba, alhali na tafki yana nan da ransa. Mutum nawa na koya wa wannan, ban ƙirga ba.

Ran Talata gwiwa ta matsa mini. Na zauna kan bututu in huta, kwalba a gefena. Barci ya sace ni. Da na farka inuwa ta juya, kwalba ta yi ɗumi kamar shayi. Na jefa ta a kula, na kai, na yi shiru.

Bayan kwana biyu manaja ya tare ni da takardar sakamakon gwaji.

"Baba, albishirinka. Ruwa ya wanku. Tafki ya cika har baki, je ka buɗe."

Na je bakin tafki na tsuguna. Warin yana nan. Na wuce ɗakin gwaji. Mai gwajin ɗiyar ƙanwata ce, ni na raka ta ranar da ta fara aiki.

"Kawu, yau kuma hancinka ne zai yi gardama da na'urata?" in ji ta, tana dariya.

"Na'urarki ba ta ƙarya. Abin da aka ba ta take faɗa."

"To?"

"Kwalbar shekaranjiya ta sha rana. Barci na yi."

Ta daina dariya. Ta cire tabarau ta murza ido.

"Kai, Kawu? Kai da ka taɓa mayar da ni gida don na bar murfi a buɗe?"

"Ni."

"Na riga na sa hannu."

"Na sani. Taso."

Muka sami manaja a ofis, takalmansa a cire, idanunsa jajur. Ya saurara har na gama.

"Baba, sabon gwaji kwana biyu ne. Kwana biyu inji a tsaye. Za a tambaye ni dalili, dole in rubuta cewa ka yi barci a bakin aiki. Ka san abin da ke biyo baya. Saura wata takwas ka yi ritaya da mutuncinka."

Ya ɗaga takardar ya ci gaba.

"Takarda ta ce ruwa lafiya lau. Ban ji komai ba, ita ma ba ta ji ba. Rafi ma ai rana yake sha, sauran maganin zai mutu a hanya."

"Lambun farko taku ɗari ne daga bakin bututu," na ce. "Na auna da ƙafata."

Ya dafe kai. "Kowa ya gaji, Baba. Je ka buɗe mu huta."

Ni ma na gaji. Gwiwata tana zogi. Na kama kujera na zauna, ba a ce in zauna ba.

"Rubuta abin da za ka rubuta," na ce. "Ba zan buɗe ba."