Yis ɗin Desmond

Kwalba ɗaya ce ta rage cikin giyar da Desmond ya dafa kafin ya rasu, kuma matarsa Noelene ta kafa ta tsare a kanta. Ita ba ma'abociyar giya ba ce. Amma muddin kwalbar na can ƙasan firji, gani take akwai sauran wani aiki na mijinta da bai ƙare ba.

Ranar Asabar ƙanin mijin, Merv, ya kawo mata kaguwar da ya kamo a bakin ruwan Port Pirie. Ya buɗe firji zai ajiye, idonsa ya faɗa kan kwalbar.

"Matar yaya, har yanzu gadin wannan kike? Ko jira kike ta yi ƙwai?"

"Taɓa ka gani, tsohon banza."

Merv bai taɓa ba, nuni ya yi da yatsa. Ya ce 'yar lakar nan da ta kwanta a gindin kwalbar rayayya ce. Yis ɗin Desmond ne, mai sa giya ta nuna, wanda ya yi ta rainonsa tun suna samari, yana ɗiba daga wannan dahuwa ya zuba a ta gaba. In bazara ta sake zagayowa a haka, mutuwa zai yi. Ba kuma hanyar tada shi sai an buɗe kwalbar.

Maganar ta tsaya wa Noelene a rai. In ta buɗe, ta rasa kwalba. In ta bari, abin da ke ciki ya mutu tana kallo.

Da hantsi ta shiga rumfar bayan gida ita kaɗai, don ba ta yarda da hannun Merv ba. Ta tafasa ruwan tsiron sha'ir, abincin yis ɗin, ta bari ya huce. Ta tsiyaye giyar a kofi, ta shanye tana ɓata fuska, ɗaci ne da ita kamar yadda ta sani. Sannan ta juye lakar cikin ruwan a kwalba mai faɗin baki, ta murɗa murfi iya ƙarfinta. Ai ta sha jin Desmond yana cewa iska ce ke lalata giya, har kunnenta ya gaji.

Kwanaki suka wuce, ruwan na nan shiru, ko kumfa ɗaya babu. Da tsoro ya ci ƙarfin girman kanta, sai ta kira Merv.

Ya ɗaga kwalbar, ya gwada murfin, ya dube ta.

"Shaƙe shi kika yi, matar yaya."

"Yayanka ne ya ce iska ɓarna take."

"Ai giyar da ta nuna yake nufi. Wannan jariri ne, numfashi yake nema kafin ya hayayyafa. A rufe shi sako-sako, duk wucewar da kika yi ki jijjiga shi."

Nan take ta tuno Desmond a lambu, yana ba tumatir ruwa da hannu ɗaya, ɗayan yana juya kwalba. Sau nawa ta leƙo ta taga ta ce masa rashin aikin yi ne ke damunsa? Dariya kawai yake yi. Kewarsa ta taso mata har sai da ta dafa tebur.

"Zai tashi?" ta tambaya.

Wannan karon Merv bai yi wasa ba. "Ban sani ba, Noelene."

Ta cire murfin, ta ɗora takardar nan mai sheƙi da ake gasa kifi a ciki. Daga ranar ba ta da aiki sai jijjiga. Tana jiran shayi ya tafasa tana jijjigawa, tana shanya tana komawa ta jijjiga, har wuyan hannunta ya yi tsami. Merv ya ce ta goya kwalbar kawai a huta.

Wata safiya ta shiga rumfar, ta tarar farar kumfa ta yi zobe a saman ruwan, ƙananan ƙwayoyin iska suna tasowa daga ƙasa. Ta ɗaga takardar ta sunsuna. Ƙamshi ne kamar na ƙullun burodi, da ɗan tsami-tsami. Shi ne ke jikin rigar Desmond duk sanda ya shigo cin abincin rana.

Ya kamata ta kira Merv ta yi masa albishir. Maimakon haka sai ta jawo ƙofar rumfar ta rufe don kada ƙamshin ya fita, ta zauna kan akwati da kwalbar a cinyarta, tana juya ta a hankali.